Yadda Ake Ɗinka Bargon Ƙyallaye Mai Siffar Kunkurun Teku

'Yan uwa ɗalibai, duk shagon telan da kuka leƙa za ku tarar da buhun ƙyallaye a gefe: guntun atamfa, guntun shadda, ragowar yadin makaranta. Mafi yawansu bola ce makomarsu, ko a cusa su a matashin kai. A wasu ƙasashe kuwa, musamman Amurka da Ingila, da irin waɗannan ƙyallaye ake ɗinka bargo, kuma sana'a ce mai ƙa'idoji. Bargon hawa uku ne: fuskar sama wadda aka harhaɗa da ƙyallaye, abin ɗumi a tsakiya, sai shafi a ƙasa, sannan a bi su da ɗinki su zama abu guda. A wannan fitowa za mu yi bayanin yadda ake yin ɗaya daga cikinsu, wanda ake ɗora wa siffar kunkurun teku yana iyo a tsakiyar ruwa.

Da farko a san dabbar

Wanda bai san kunkurun teku ba, in aka ce ya zana shi, kunkurun tatsuniya zai zana: baya a tuntsure kamar an kife ƙwarya, ƙafafu huɗu gajeru. Na teku ba haka yake ba, kuma ya bambanta da kififfiyar da ake samu a kogunanmu. Ƙoƙon bayansa shimfiɗaɗɗe ne, mai faɗi ta gaba, ya tsuke ta baya. Ƙafafunsa na gaba dogaye ne kamar fukafukai, da su yake iyo. Na baya gajeru ne masu faɗi, da su yake juya akala, kuma da su macen take haƙa ramin ƙwai. Ba ya iya mayar da kansa da ƙafafunsa cikin ƙoƙo kamar na tudu. Idan aka yi kuskuren ƙafafun gaba, duk wahalar ɗinkin ta tafi a kan kunkurun daji da ya faɗa ruwa.

Kunkurun teku iri bakwai ne a duniya. Wanda masu ɗinki suka fi kwaikwayo shi ne wanda ake kira koren kunkuru. Abin mamaki, ba bayansa ne kore ba, kitsen jikinsa ne, shi ya jawo masa sunan. Bayansa ruwan ƙasa ne da ratsi-ratsi. An raba ƙoƙon gida-gida: gida 5 a jere a tsakiya, 4 a dama, 4 a hagu, jimla 13, sai ƙanana da suka kewaye baki. Ku riƙe wannan lissafi, domin shi ne ginshiƙin aikin. Mafi girma a cikin bakwai ɗin ba shi da waɗannan gidaje sam, bayansa fata ce mai kauri da tudu-tudu bakwai daga wuya zuwa wutsiya, don haka ba shi muke ɗinkawa ba.

Mutanen tsibiran Hawayi, a tekun Fasifik, suna kiran koren kunkuru "honu", kuma a yau da wuya a shiga kasuwar barguna a can ba a ga siffarsa ba. Ɗinkin harhaɗa ƙyallaye ya isa Hawayi ne a 1820 ta hannun matan 'yan mishan daga Amurka. Matan tsibirin suka ɗauka suka mayar da shi nasu: sai su ninke babban yadi, su yanke zane a jiki, su buɗe, su ɗora a kan wani yadin mai launi dabam su ɗinke. Na dā ganye da furanni suka fi yankawa, suna guje wa siffar dabba da ta mutum. Kunkurun daga baya ya shigo. Wannan ya dace da wasu gidajenmu da ba a son siffar mai rai a kayan shimfiɗa. Wanda gidansu haka ne, sai ya ɗinka ƙoƙon kaɗai ba kai ba ƙafafu, zai fito kamar saƙar zuma a tsakiyar ruwa, kuma ba abin da ya ragu na kyau.

Kayan aiki da lissafin ruwa

Mu ɗauka bargon yaro za a yi, faɗi inci 40, tsawo inci 50. Ana bukatar ƙyallaye shuɗɗa iri-iri don ruwa, kore da ruwan ƙasa da ruwan ɗorawa don kunkuru, allura, zare, almakashi mai kaifi, fil, alli, tef ɗin awo, kwali, da dutsen guga. Keken ɗinki yana rage lokaci, amma da hannu ma ana gamawa.

A zaɓi yadin auduga zalla, masu kauri kusan ɗaya. Kada a haɗa atamfa da leshi ko yadi mai talewa, domin ɗaya zai ja ɗaya ya tsaya, bargon ya karkace. Kuma a wanke kowane ƙyalle kafin a sa masa almakashi, launi-launi dabam. Auduga tana tsukewa a wankin farko, wani yadin kuma yana zuba. Yadin rinin baba, irin na marinar Ƙofar Mata a Kano, ya fi komai kama da zurfin teku, amma sai an yi ta ɗauraye shi har ruwan ya fito fari. In ba haka ba, ranar wankin farko kunkurun zai koma shuɗi.

Za a yi ruwan da murabba'ai masu inci 5 kowane gefe: 8 a jere, layi 10, wato guda 80. Amma ba inci 5 za a yanka ba, inci 5 da rabi ne, saboda kowane gefe ɗinki zai ci rubu'in inci. Wannan rubu'in inci shi ne dokar da ba a wasa da ita. Ga dalili. A layi mai murabba'i 8 akwai haɗi 7. Idan mai ɗinki ya zarce da kashi ɗaya bisa takwas na inci kawai, kowane haɗi ya cinye ƙarin rubu'in inci ke nan, tunda ƙyalle biyu ya kama. Rubu'i sau 7 ya ba da inci ɗaya da rubu'i uku. Layin zai gajarta da kusan inci biyu, kuma idan aka zo haɗa shi da na kusa da shi, kusurwoyi ba za su haɗu ba. Maganin abin shi ne a yanki kwali ɗaya a riƙa auna kowane ƙyalle da shi, a kuma ja layin ɗinki da alli.

Kafin a fara ɗinki a shimfiɗa duka 80 a kan tabarma. Masu haske a sama inda rana ke ratsa ruwa, masu duhu a ƙasa. A ja da baya a duba, a sassauya har ido ya gamsu. Sannan a ɗinke layi-layi. Bayan kowane layi a yi guga, a kwantar da bakin ɗinkin layi na farko dama, na biyu hagu, haka har ƙarshe, domin idan an zo haɗa layukan su shige juna ba tare da ƙulli ba.

Ƙoƙon baya

Nan ne daɗin aikin yake, nan ne kuma darasin lissafi ke biyan bashinsa. Gidajen ƙoƙon da siffa mai kusurwa shida ake yin su. Ɗauko kamfas daga akwatin lissafi, a buɗe shi inci 2, a zana da'ira. Ba tare da an taɓa buɗin ba, a kafa tsininsa a bakin da'irar a yi alama, a matsa kan alamar a sake yi, har a zagayo. Alama shida za a samu cif. A haɗa su da rula, an sami mai kusurwa shida wanda kowane gefensa inci 2 ne. Kowace kusurwarsa digiri 120 ce, uku in sun haɗu sun cika 360, shi ya sa suke manne wa juna ba rata, kamar ɗakunan zuma.

A yanki irin wannan guda 13 a takarda mai ɗan kauri, bangon tsohon littafin rubutu ya isa. Kowace takarda a ɗora ta a bayan ƙyalle, a yanke ƙyallen ya fi ta da ɗan fiye da rubu'in inci ko'ina, a lanƙwaso bakin a kan takardar, a kama shi da manyan ɗinki na wucin gadi. Takardar ce ke riƙe siffar, kusurwoyi su fito da kaifi ko da hannun ɗan koyo ne. Wannan dabara tsohuwa ce, a Ingila ana yin ta tun ƙarni na 18, kuma an sha buɗe tsofaffin barguna a tarar da guntayen wasiƙu da jaridu a ciki.

Sai haɗi. A haɗa guda biyu fuska da fuska, a bi bakinsu da ƙananan ɗinki, allura tana ɗaukar zare biyu ko uku na yadin kawai, kada ta huda takardar. A jera 5 a tsakiya gefe da gefe, sannan a cusa 4 a dama da 4 a hagu a cikin lungunan da suka bari. Za ku ga sun zauna daram kamar don su aka yi wurin. Abin da zai fito tsawonsa inci 17 da 'yan kai, faɗinsa inci 10. A yi guga, a warware ɗinkin wucin gadi, a zare takardun.

Game da launi, ra'ayina shi ne kada a yi kowane gida da irin atamfa ɗaya, kuma kada a yi goma sha uku iri goma sha uku. Na tsakiya biyar su zama dangin launi ɗaya mai duhu, na gefe su fi su haske. Atamfa mai ƙananan zane ta fi dacewa, domin mai manyan furanni in an yanka ta inci huɗu ba a gane komai.

Yanzu a yanki yadi mai duhu mai siffar ƙwai, tsawo inci 20, faɗi inci 14, a ɗan tsuke shi ta baya. A ɗora gidajen 13 a tsakiyarsa a ɗinke. Abin da ya rage a gefe shi ne bakin ƙoƙo. A yanki kai, da ƙafafun gaba dogaye masu lanƙwasa kamar lauje, da na baya gajeru, da 'yar wutsiya. A shimfiɗa ruwan, a fara jera kai da ƙafafu, sannan a ɗora ƙoƙon ya rufe tushensu. Kada a miƙar da kunkurun sak kamar soja a fareti. A ɗan karkata shi, kansa yana duban kusurwar sama, sai ya zama kamar yana tasowa shan iska, domin da huhu yake numfashi, dole ya riƙa leƙowa saman ruwa. A kafe komai da fil, a kalmashe baki ciki, a bi da ƙananan ɗinki da zare mai launin ƙyallen sama. A wurin lanƙwasa a ɗan tsattsaga bakin da za a kalmashe, in ba haka ba zai tattare.

Haɗa hawa uku

A shimfiɗa shafi a ƙasa fuskarsa na duban ƙasa, a ɗora abin ɗumi, tsohon bargo mara nauyi da aka wanke ya wadatar, sannan fuskar sama. Shafi da abin ɗumi su fi fuskar da inci 2 ko 3 ko'ina, saboda ɗinki yana jan su ciki. A kama su da manyan ɗinki daga tsakiya zuwa baki. Kullum daga tsakiya ake farawa, domin duk wani tattara a kore shi waje.

Ɗinkin da zai riƙe bargon, a ari na matan Hawayi. Sukan bi gefen zanen da layin ɗinki, su bar tazarar kamar faɗin yatsa su sake zagayowa, su yi ta yi har bakin bargo. A jikin kunkuru wannan sai ya fito tamkar ruwa ne ke watsuwa daga inda yake iyo. Shi ne sashen da ya fi cin lokaci. Wanda yake son ya rufa da bargonsa a hunturu, ya fara tun hutun damina, ko ku haɗu ku huɗu kowa ya kama kusurwa ɗaya. Daga ƙarshe a daidaita baki da almakashi, a yanki dogon ƙyalle mai faɗin inci 2 da rabi, a ninka shi biyu, a naɗe bakin da shi.

Dabbar da ke kan bargon

Kada a ɗauka wannan halitta ta Hawayi ce kaɗai. Tana fitowa yin ƙwai a gaɓar tekun Afirka ta Yamma, har da gaɓar Legas da ta Gana. Tsibirin Poilão na Gini Bisau yana cikin manyan wuraren da koren kunkuru ke yin ƙwai a duniya, Gabon kuma ta yi suna da mai bayan fata. Macen takan fito da dare ta haƙa rami a yashi, ta zuba ƙwai wajen ɗari, ta rufe ta koma ruwa. Bayan kamar wata biyu su ƙyanƙyashe. Zafin yashi ne ke yanke ko maza za a samu ko mata: in ya yi zafi sosai, mata sun fi yawa. Kaɗan ne ƙwarai daga cikin 'ya'yan ke kai wa girma. Tsuntsaye da ƙaguwa da kifaye na jiransu, ga tarun masunta, ga masu kwasar ƙwai, ga ledar da ruwa ke kwasowa daga kwatoci, wadda kunkurun kan haɗiye yana zaton abinci ne. A Amurka doka ta fara kare koren kunkuru a 1978, kuma ranar 16 ga Yuni ta kowace shekara ita ce ranar kunkurun teku ta duniya.

Idan ƙyallaye sun ragu, a yanki 'ya'yan kunkuru biyu ko uku, kowanne da gida ɗaya tak mai kusurwa shida a matsayin ƙoƙo, a jera su a bayan uwar. A kusurwar shafi kuma a ɗinka sunan mai aikin da ajinsa da shekarar da aka gama. Wanki da ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, ba a murɗawa, kuma a inuwa ake shanya shi don kada rana ta cinye shuɗin.