Madam Maisel: matar da ta mai da baƙin cikinta sana'a

Birnin Niyok na ƙasar Amurka, shekarar 1958. Miriam Maisel, wadda kowa ke kira Midge, ƴar gidan Yahudawa ce masu hali, tana da miji da ƴaƴa biyu da gida a unguwar masu kuɗi. Kullum dare sai mijinta Joel ya yi barci kafin ta wanke kwalliyarta, da asuba kuma ta riga shi tashi ta sake yin wata, don kada ya taɓa ganin fuskarta yadda Allah ya halicce ta. Duk da wannan ɗawainiya, rana ɗaya Joel ya haɗa kayansa ya bar ta saboda sakatariyarsa. A daren nan Midge ta sha giya ta bugu, ta nufi wata ƴar mashaya mai suna Gaslight, ta hau dandali, ta zazzage wa baƙi cikinta. Jama'a suka yi ta dariya, ita kuwa ta zarce har ta buɗe ƙirjinta, ƴan sanda suka tafi da ita.

Haka wasan telebijin ɗin nan mai suna The Marvelous Mrs. Maisel ya soma. Kamfanin Amazon ya nuna shi daga 2017 zuwa 2023, zango 5, kashi 43, kuma masu kallo da Faransanci sun san shi da sunan La Fabuleuse Mme Maisel. Amy Sherman-Palladino ce ta ƙago shi, wadda mahaifinta ma ɗan ban dariya ne. A 2018 wasan ya kwashe lambobin yabo na Emmy har 8, ciki har da ta Rachel Brosnahan mai fitowa a matsayin Midge.

Sana'ar da ake magana a kanta tana bukatar ɗan bayani. Mutum ɗaya ne ke tsayawa gaban jama'a, ba kiɗa ba waƙa, sai bakinsa kawai, ya sa su dariya su biya shi. Wanda ya san ƴan kama a ƙasar Hausa ya kama hanyar fahimta, illa dai na Amurka yakan ɗauki rayuwarsa ta cikin gida, da siyasa, da addini, ya mai da su abin barkwanci.

Babban abin yabo ga wasan shi ne ya nuna cewa ban dariya aiki ne, kamar saƙa ko ƙira. Daren farko sa'a ce. Da Midge ta koma dandali cikin hankalinta, sai zauren ya yi tsit. Daga nan ta shiga rubuta abin da take gani cikin ɗan littafi, ta saurari fayafayan magabata, har ta sayi barkwanci daga hannun wani marubuci, kayan suka ƙi shiga. Akwai wurin da aka nuna ta tana maimaita zance guda dare bayan dare, tana cire kalma tana sauya wata, har ya zauna daidai, duk don ta mallaki minti goma da za ta iya dogara da su. Kowane ɗan kasuwa zai gane wannan haƙuri. Zai kuma gane Susie Myerson, wadda Alex Borstein ta fito a matsayinta: matalauciya mai kaifin baki da ta ga haja a inda wasu suka ga abin kunya, ta zama dillaliyar Midge. Amincin matan nan biyu, da faɗansu kan kuɗi da alkawari, shi ne ƙashin bayan labarin, ya ma fi zancen aure da saki daɗin kallo.

An kashe dukiya wajen tufafi da motoci da kantuna na wancan zamani, kuma ido yana ƙoshi. Amma a nan ne aibin farko ya ɓuya. Midge ba ta taɓa sanin talauci na gaske ba. Da surukinta ya karɓe gidan, sai ta hau bene ta koma wurin iyayenta, inda ƴar aiki ke dafa abinci. Ta kama aiki a kantin B. Altman, amma rigunan da take sauyawa sun fi ƙarfin albashin mai sayar da jan baki. Ƴaƴanta kuwa, sai a yi kashi guda ba a ji ɗuriyarsu ba. Sai a zango na ƙarshe, da aka leƙa shekarun gaba, aka nuna ƴarta Esther ta girma tana kai kukan uwarta wurin likitan ƙwaƙwalwa. An biya bashin, amma a makare.

Na biyu, Amurkar 1958 ta fi wadda aka nuna ɗaci. Baƙar fata ba su da wani gurbi a labarin sai a zango na 3, lokacin da Midge ta bi mawaƙi Shy Baldwin yawon wasa. A zauren Apollo na unguwar Harlem ta yi habaici kan sirrinsa na neman maza, abin da doka ke hukuntawa a lokacin, aka kore ta a filin jirgin sama. Wannan yana cikin wurare kaɗan da bakinta ya cuci wani kuma ta ɗanɗana kuɗarta. Sauran lokuta duniya takan yafe mata da wuri, kuma masu kallon cikin fim sukan fashe da dariya a inda mai kallo a gida bai ko murmusa ba. Wanda ya bi fassarar Faransanci ya fi asara, domin rabin gishirin yana cikin saurin magana da karin harshen Yahudawan Niyok.

Mutum ɗaya a wasan ya ishe mizani: Lenny Bruce, wanda Luke Kirby ya fito a matsayinsa. Shi ba ƙage ba ne. An sha kama shi saboda kalaman bakinsa, kotun Niyok ta same shi da laifin batsa a 1964, gidajen wasa suka rufe masa ƙofa, shari'a ta cinye dukiyarsa, ya mutu a 1966 yana da shekara 40 sakamakon miyagun ƙwayoyi. Sai a 2003 gwamnan jihar, George Pataki, ya yi masa afuwa, shekara 37 bayan an binne shi. Wannan shi ne farashin faɗin albarkacin baki a wancan zamani, ga namiji ma, balle mace. Wasan ya san haka, yana nuna Bruce yana lalacewa sannu a hankali, amma jarumarsa takan kwana ɗaya a hannun ƴan sanda a yi belinta, gobe ta fito da sabuwar hula.

A kashi na ƙarshe, wanda aka nuna ranar 26 ga Mayu 2023, Midge ta karya dokar wani shirin telebijin, ta ƙwace minti huɗu gaban kyamara, daga nan sunanta ya cika ƙasa. Sai labari ya tsallaka zuwa 2005: ga ta ta tsufa cikin katafaren gida, tana cin abinci ita kaɗai a ɗakin girki, sannan ta ɗauki tarho ta kira Susie, suna kallon shiri guda kowa a gidanta, suna dariya.