Tsara Bincike a Kan Ɗabi'un Ma'aikata: Darasi Daga Gwaje-gwajen Hawthorne

1.0 Gabatarwa

Sau da yawa hukumomi da kamfanoni kan gina manufofinsu na albashi da ƙarin girma da horo bisa sakamakon bincike. Idan tsarin binciken ya karkace, hukuncin da aka ɗora a kansa zai karkace, kuma ma'aikaci ne zai ɗanɗana kuɗarsa. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abubuwan da ya wajaba mai bincike ya tanada kafin ya shiga wurin aiki, tare da kafa hujja da gwaje-gwajen Hawthorne.

2.0 Gwaje-gwajen Hawthorne

Tsakanin 1924 da 1932 an gudanar da jerin gwaje-gwaje a masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric, kusa da birnin Shikago a Amurka. An fara da sassauya hasken fitilu, domin a ga tasirinsa a kan yawan aiki. A 1927 aka keɓe mata biyar masu harhaɗa kayan tarho a wani ɗaki, ana ba su hutu, ana rage musu sa'o'i, aikinsu kuwa ya yi ta ƙaruwa. Elton Mayo na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka danganta wannan ga kulawar da aka nuna wa matan da kuma kyakkyawar hulɗar da ke tsakaninsu.

Sai dai masana sun gano rauni a tsarin. An sauya yadda ake biyan matan, sannan an musanya biyu daga cikinsu ana tsakiyar gwaji, don haka ba a iya tantance sanadi guda ba. A 2011 kuma, Steven Levitt da John List suka wallafa nazarin da suka sake yi wa alƙaluman gwajin fitilu. Sun nuna cewa ranar Lahadi ake sauya hasken, aiki kuwa kan ƙaru ranar Litinin ko an sauya ko ba a sauya ba.

3.0 Matakan Tsara Bincike

Mataki na farko shi ne rarrabe ɗabi'a da ra'ayi. Ɗabi'a ita ce abin da ido ke gani, kamar makara da fashin aiki da barin aiki, kuma ana samun ta daga rajista da lura. Ra'ayi kuwa a zuci yake, sai ta hanyar hira ko takardar tambayoyi ake kai gare shi. Ma'aunin da Rensis Likert ya fito da shi a 1932, mai hawa biyar daga cikakkiyar amincewa zuwa cikakken sabani, shi aka fi amfani da shi a nan.

Na biyu shi ne zaɓen waɗanda za a tambaya. Rahoton Kwamitin Udoji na 1974 ya tsara ma'aikatan gwamnati a Nijeriya bisa matakan albashi 01 zuwa 17. Damuwar masinja daban take da ta darakta, saboda haka dole a ɗebo wakilai daga ƙanana da matsakaita da manya, maza da mata.

Na uku, idan gwaji za a yi, a sauya abu ɗaya tak, a kuma ajiye wani rukuni da ba a taɓa ba domin kwatanci. Na huɗu shi ne sirri. Ma'aikacin da ke zaton amsarsa za ta kai kunnen shugabansa ba zai faɗi abin da ke cikinsa ba.

4.0 Matsalar Harshe

Yawancin takardun tambayoyi da Ingilishi aka tsara su, alhali ƙananan ma'aikata da dama sun fi sakewa da harshen uwa. Hanyar da aka saba bi ita ce mutum ɗaya ya fassara zuwa Hausa, wani da bai ga asalin ba ya mayar Ingilishi, sannan a kwatanta. Amma daidaiton kalmomi kaɗai bai wadatar ba. Idan aka ce wa Bahaushe "Ina aiki?" amsarsa ita ce "Da godiya", ko da wata uku bai ga albashi ba. Kunya da kawaici kan sa tambayar gamsuwa ta samu irin wannan amsa ta gaisuwa. Mafita ita ce tambaya takamaimai, misali sau nawa aka jinkirta albashi cikin wata shida, ko yaushe aka yi masa ƙarin girma na ƙarshe. Ya kamata kuma a fara gwada tambayoyin a kan mutane kaɗan kafin a rarraba su.

5.0 Kammalawa

An ga yadda gwaje-gwajen Hawthorne, duk da shahararsu, suka bar ƙofar shakka saboda cakuɗa sauye-sauye. Mai bincike a Nijeriya yana da ƙarin nauyi na harshe da al'ada. Kafin a amince da kowane sakamako, ya dace a duba wa aka tambaya, da wane harshe, kuma a gaban wa.