Amai a Mota: Citta, Lemun Tsami ko Ƙwayar Kemis?

Duk wanda ya taɓa shiga bas daga garejin Television zuwa Kafanchan ya san yadda abin yake farawa. Kafin a kai Kachia wani ya yi tsit, gumi ya karyo masa, sai ka ji ana cigiyar mai leda. Idan kai ne, kada kunya ta kama ka. Ko Charles Darwin da kuke karantawa a darasin bayoloji ya sha fama da amai a jirgin ruwan Beagle, daga 1831 zuwa 1836.

Tushen matsalar yana cikin kunne. Can ciki akwai sashen da ke auna motsin jiki. Idan ka sunkuya kana latsa waya, ido yana gaya wa ƙwaƙwalwa a zaune kake, kunne kuma yana cewa tafiya ake. Wannan saɓanin ne ke jawo jiri da tashin zuciya, a mota ko a kwalekwale.

To, wane magani ya fi? Iyayenmu sukan ce a tsotsi lemun tsami ko a tauna citta. Lemun yana danne warin fetur, iyakarsa ke nan. Citta ta ɗan fi shi: tana rage tashin zuciya ga wasu, ga araha, kuma ba ta sa barci.

Ƙwayoyin kemis irin su Stugeron da Avomine sun fi ƙarfi, amma da sharaɗi. Ana shan su tun kafin a tashi, Stugeron da awa biyu. Wanda ya bari sai an wuce Sabon Tasha cikinsa ya fara juyawa, ya makara. Sannan suna sa gyangyaɗi, musamman Avomine. Ka yi tunanin ɗalibar da za ta rubuta jarrabawar JAMB a wani gari, ta sauka da ido a lumshe. Don haka a tuntuɓi likita ko masanin magunguna, da sanin iyaye, kada a karɓi ƙwaya daga hannun abokin tafiya.

Ni dai a ganina kujera ta fi komai. Ka yi sammako ka kama ta gaba ko ta kusa da taga, ka zuba ido can nesa kan hanya, wayar ta koma aljihu. Ka ci abu kaɗan marar maiƙo. Ƙosan nan mai zafi na bakin tasha, bar shi sai ka sauka.