Wasiƙar da Makaho Ba Zai Iya Karantawa Ba

'Yan'uwa, mu ɗauka an aiko wa makaho wasiƙa daga ofishin gwamnati cewa za a rage kuɗin tallafin da yake karɓa, kuma yana da kwana 60 ya ɗaukaka ƙara. Takardar tana hannunsa, amma sai ya jira wani ya zo ya karanta masa. Idan mai karatun ya makara, wa'adi ya wuce, abincinsa ya ragu. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

Wannan ita ce matsalar da makafin Amurka suka kai kotu a shekarar 2005. Wata ƙungiyarsu ta yi ƙarar hukumar da ke biyan fansho da tallafin naƙasassu, domin tana aiko musu da muhimman sanarwa cikin rubutun masu gani. Sun kafa hujja da wata doka ta 1973 wadda ta hana hukumomin tarayya nuna wa naƙasassu bambanci. A watan Oktoba na 2009, Alƙali William Alsup na kotun tarayya a San Francisco ya ba su gaskiya. Ya umarci hukumar ta riƙa aika wasiƙu cikin rubutun makafi na Braille, ko a faifan da kwamfuta za ta karanta da murya. Daga baya aka ƙara manyan haruffa da faifan saurare.

Me ya sa hanya ɗaya ba ta isa ba? Rubutun da Louis Braille na Faransa ya wallafa a 1829 yana amfani da ɗigo shida da ake shafawa da yatsa, amma sai an koya. Wanda ya makance da tsufa sau da yawa bai koye shi ba, sai dai saurare. Mai gani dishi-dishi kuwa manyan haruffa yake bukata. Don haka a tambayi mutum abin da ya fi masa.

Mu ma abin ya shafe mu. Tun 1953 aka buɗe makarantar makafi a Gindiri, kuma a Janairun 2019 aka sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a Nijeriya. Amma idan aka liƙa sanarwar tallafi ko tantance 'yan fansho a jikin bango kawai, makaho zai ji labari ne bayan an rufe rajista.

Saboda haka muna roƙon hukumomi su riƙa sanarwa a rediyo cikin harsunan jama'a, su kuma tanadi takardun Braille. Mu kuma a ikilisiyoyinmu, mu karanta irin wannan sanarwa da ƙarfi lokacin sanarwar Lahadi. Wanda aka ba amanar karanta wa makaho wasiƙa, ya karanta duka, ya faɗi ranar wa'adi, ya kuma rufa masa asiri.