Daga Kumburin Ƙafa Zuwa Gyambo

A ƙasar Rano da Kibiya, idan ƙafar maijego ɗaya ta kumbura, ko ta wanda ya daɗe a kwance bayan ɗorin karaya, sau da yawa wanzami ake fara kira ya yi ƙaho. Kumburi yakan sace, a ce an samu lafiya. Sai bayan shekara biyu ko uku ƙafar ta soma nauyi da yamma, fatar wajen idon sawu ta yi baƙi, ta yi tauri, ta riƙa ƙaiƙayi. Ran da kututturen dawa ya ƙwarzane ta a gona, sai gyambo. Da wuya a samu mai danganta wannan miki da wancan kumburi, alhali kuwa sau da dama tushensu ɗaya ne, wato gudan jini da ya daskare a babbar jijiyar da ke can cikin tsoka.

Jinin ƙafa hawa yake yi kafin ya koma zuciya. Tsokar sharaɓa ce ke tura shi duk lokacin da mutum ya taka, cikin jijiyar kuma akwai 'yan ƙyamare masu buɗewa sama kawai, waɗanda William Harvey na Ingila ya bayyana aikinsu a 1628. Duk wanda ya ga ƙofofin da ke tsare ruwa a magudanan Tiga ya san abin da zai faru in ɗaya ta lalace. Gudan jini yakan narke a hankali, amma yakan bar tabo, ya ƙuntata jijiyar, ya kashe ƙyamaren. Daga nan jini ya riƙa komowa ƙasa yana taruwa, yana tsattsafowa cikin nama. Baƙin da ake gani a fatar, sinadarin ƙarfe ne na jinin da ya tsattsafo.

Bincike ya nuna kashi 20 zuwa 50 cikin 100 na masu irin wannan gudan jini kan gamu da wannan wahala, galibi cikin shekara biyu. Ƙyauren da ya mutu ba ya dawowa, saboda haka makonnin farko su ne abin ji. Kumburin ƙafa ɗaya mai zafi, a kai shi Babban Asibitin Rano, in ta kama a wuce Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano don hoton jijiya. Maganin tsinka jini akan sha shi wata uku a ƙalla, ko da kumburi ya tafi. Ƙaho ba ya isa inda gudan yake, tsaga kuwa ƙofar miki ce.

Safa mai matse ƙafa tana rage kumburi da nauyi, ko da yake binciken da aka wallafa a 2014, ƙarƙashin jagorancin likitocin Kanada, bai nuna tana hana ciwon aukuwa ba. Tafiya a ƙasa da ɗaga ƙafa bisa matashi suna taimakawa. Gyambon da ya riga ya buɗe kuwa, sai wanki da naɗin bandeji na watanni, bayan likita ya tabbatar ba na sikila ko ciwon sukari ba ne.