Sa wa babur famfon ruwa na lantarki: abin da ya kamata ku sani

Kafin komai, leƙa injin naka. Yawancin baburan da ke zirga-zirga tsakanin Gidan Goga, Maradun, Bakura da kasuwar Talata Mafara, irin su Boxer da Jincheng, iska ce ke sanyaya su, shi ya sa jikin injin yake da tsaga-tsaga. Ba su da lagireto, balle famfo. Maganar ta shafi manyan babura ne da wasu kekunan dakon kaya masu ƙafa uku, irin waɗanda ke kwaso shinkafa da albasa daga gonakin Bakolori.

Famfon da injin ya zo da shi, injin ne ke juya shi. Ka ja wuta, ruwa ya zagaya da sauri. Ka rage, shi ma ya lafa. Nan gizo ke saƙar: ga kaya niƙi-niƙi, ga yashi, ga zafin Afrilu da kan haura digiri 40, injin na shan wahala, ruwa kuma na tafiyar hawainiya. Da ka kashe mashin, ruwan ya tsaya cik alhali ƙarfe na ci gaba da turiri.

Na lantarki kuwa daga batir mai bolt 12 yake ci, babu ruwansa da gudun injin, har ana iya haɗa shi ya ɗan ci gaba da aiki bayan an kashe. Ba sabuwar dabara ba ce: BMW ta sa shi a injin motocinta tun 2004. Amma can kwamfuta ke lura da shi.

A kan babur sai an yi lissafi. Koyil ɗinsa wuta kaɗan yake bayarwa, fitila da fankar lagireto sun riga sun ci rabonsu. Idan famfo ya fi ƙarfin cajin, batir zai riƙa zuƙewa a hankali. Abin tsoron ma shi ne yadda yake mutuwa. Tsohon famfo kan yi gargaɗi: ɗigon ruwa ta ɗan ramin da ke ƙasansa, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. Na lantarki fiyus ɗaya ko waya ɗaya da jijjigar hanya ta tsinka ya isa ya tsayar da shi shiru, kai kana ta tafiya har gasket ya ƙone. A hanyar da ba kowa ke son tsayawa a dajinta ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

In ya zama dole, a cire farfelar tsohon famfon don kada ta tare ruwa, a toshe gurbinta da kyau kada mai ya tsiyaya. A ɗaura sabon a ƙasa, kan tiyon da ke fitowa daga gindin lagireto, domin irin wannan famfo tura ruwa ya iya, bai iya zuƙo shi daga nesa ba. A fitar da iskar da ta maƙale, a ba shi fiyus nasa, a kuma sa agogon zafi inda ido zai gani.

A ganina, mai keken kaya ya fara da abu mai sauƙi: a canza sil ɗin famfo, a wanke lagireto daga ƙura da kansakukar ruwan rijiya, a duba fanka da murfi. Sau da yawa zafin daga nan yake. Famfon lantarki ya fi dacewa da mashin ɗin da aka nemi kayansa a Gusau da Kano aka rasa.