Ƙonewar Gaskit a Manyan Motoci: Darasi Daga Garejojin Kwangila

Kwangila da ke Zariya mahaɗa ce da babbar mota ba ta yanke mata. Nan hanyar Kaduna zuwa Kano ta haɗu da wadda ta ratsa Samaru da Shika da Giwa ta nufi Funtuwa da Gusau har Sakkwato, don haka masara da taki da siminti da shanu duk ta nan suke bi. Wanda ya saba wucewa ta wajen ya saba kuma da ganin tirela a gefen titi an kifa kanta gaba, bakanike ya hau kan inji, yaransa sun jera kusoshi a kan buhu, direba na zaune a inuwa yana lissafin kwanakin da lodi zai yi a hanya. In aka tambaya, amsar takan zama ɗaya: top gaskit ya ƙone. Abin lura shi ne yadda mota ɗaya kan dawo da ciwon nan sau biyu ko uku cikin ɗan lokaci. Ra'ayina shi ne a yawancin irin waɗannan motoci gaskit ba shi da laifi. Sauye-sauyen da muke yi wa mota don ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta, tare da sakaci da hanyar sanyaya inji, su ne tushen matsalar, kuma duk gyaran da ya tsaya ga canza gaskit ya bar jaki ne yana dukan taiki.

Gaskit falle ne da ke tsakanin bulok da kan inji, wato top silinda. Aikinsa ya raba abubuwa uku da ba a son su haɗu: wutar da ke tashi a kan fistin, da ruwan lagireto, da baƙin mai. Injin gas ba shi da fulogi. Iska yake matsewa kamar sau 16 zuwa 18 har ta yi zafin da man zai kama da kansa, kuma a lokacin kamawar matsin da ke cikin silinda yakan ninka na iskar tayar tirela sau goma sha biyar ko fiye. Abin da ke riƙe wannan ƙarfi shi ne kusoshin da suka danne kan inji a kan gaskit. In matsin ya wuce abin da aka ƙera injin dominsa, kan injin yakan ɗan ɗaga, ɗagawar da ido ba ya gani, sai wuta ta samu kafa ta fara cin gaskit. In kuma zafi ya yi yawa, ƙarfen yakan lanƙwashe, sai danniyar ta daina zama daidai a ko'ina.

A duba abin da ake yi wa mota bayan an sayo ta. Galibin DAF da MAN da Mack da ke kan hanyoyinmu sun gama aiki a Turai ko Amurka kafin su iso, ga kuma Howo ta Sin. Da zuwansu sai a kai wa mai walda ya ƙara tsawon bodi, a ƙarfafa shasi, a ƙara sifirin, domin motar tan talatin ta ɗauki abin da ya zarce haka nesa ba kusa ba. Da ta fara nishi a hawa sai a je wajen mai injekta a buɗe famfo, mai ya ƙaru, wani lokaci a ɗaura turbo na wani injin dabam. Mota takan yi ƙarfi, direba ya ji daɗi, amma ƙarin mai ƙarin wuta ne, kuma baƙin hayaƙin da ke biyo bayanta shaida ne cewa man ya fi iskar da zai ƙone da ita. Lagireto kuwa na nan yadda ya zo, ƙurar hunturu ta toshe shi ta waje, ruwan rijiya ko na kududdufi ya tara masa tsatsa da farin gishiri ta ciki. An cire tamostat, murfin lagireto ya saki. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Zariya ke kusantar digiri 40, gaskit ne ke fara biyan bashin.

Masu mota ba don ganganci kawai suke wannan ba. A farkon 2022 litar gas ba ta kai naira 400 ba, kafin ƙarshen shekarar ta haura 700, daga baya ta wuce 1,000. Dala da ke wajen naira 460 a farashin hukuma kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a Fabrairun 2024, kuma kusan duk kayan gyaran babbar mota daga waje ake shigo da su. Jirgin ƙasa da ya taɓa ɗaukar gyaɗa da auduga ta tashar Zariya ya daɗe da barin wa titi nauyin kaya. Mai mota ya ga mafitarsa ita ce ya haɗa sawu biyu a ɗaya. Sai dai lissafin bai cika ba in ba a sa kwanakin da mota za ta yi a gareji ba, da tumatir ko dabbar da za a yi asara a hanya, da haɗarin ruwa ya gangara cikin baƙin mai ya cinye metal, inji ya yi nokin. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Wasu za su ce jabun kaya ne, kuma akwai gaskiya a ciki, domin kasuwa cike take da gaskit marar inganci a cikin kwali mai kyau. Amma jabu bai bayyana dalilin da ya sa na ainihin da ya zo da injin ya ƙone tun farko ba, kuma gaskit mai tsada da aka ɗora a kan lanƙwasasshen ƙarfe shi ma ba zai daɗe ba. Wasu kuma za su ce tamostat na ƙasashen sanyi ne. Wannan kuskure ne da ya yi jijiya a garejojinmu. Tamostat yana tsare inji a zafin aikinsa, digiri 80 da ɗoriya, kuma a injuna da yawa shi ne ke rufe gajeriyar hanyar ruwa ya tilasta masa bi ta lagireto. In aka cire shi, wani ɓangare na ruwan yakan yi ta kewaya cikin inji bai je ya huce ba. Haka murfin lagireto: matsin da yake riƙewa ne ke hana ruwa tafasa sai ya kai wajen digiri 120, alhali ruwa a sake a digiri 100 yake tafasa, ko ƙasa da haka kaɗan a tudu irin na Zariya. Ƙasa mai zafi ma tana buƙatar waɗannan abubuwa biyu.

Gano ciwon ma yana son natsuwa. Alamominsa sanannu ne: kumfa na tasowa a bakin lagireto inji na aiki, tiyon ruwa ya yi tauri jim kaɗan da tayar da mota da safe, farin hayaƙi a salansa, ruwa na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Sai dai kular mai da ta huje takan haɗa mai da ruwa, kwamfiresan birki mai sanyaya da ruwa yakan tura iska cikin lagireto, tsagaggen kai ko hujajjiyar laina su ma sukan nuna alamu iri ɗaya. Bakaniken da ya san aikinsa yakan kawar da waɗannan ɗaya bayan ɗaya kafin ya kwance kusa ko guda. In ya buɗe, yakan karanta tsohon gaskit ya ga inda wuta ta bi, ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar kai da ta bulok ya auna lanƙwasa, ya duba tsayin da laina ta ɗara bulok da shi, ya kai kan a gwada ko ya tsage kafin a goge fuskarsa. Wajen ɗauri kuma akwai tsari: daga tsakiya zuwa gefe, zagaye bayan zagaye, da sifana mai awo, kuma a injuna da yawa kusoshin sukan miƙe in an ɗaure su, ba a maimaita su sai an auna. Ɗauri da dogon bututu da ƙarfin ƙirji yana barin wata kusa ta matse wata ta saki, kuma daga nan gyara yake zama gyaran gangar Auzinawa.

Saboda haka maganin yana hannun mutum uku. Mai mota ya yarda cewa duk ƙarin da ya yi wa lodi ko famfo sai ya biya shi a lagireto, da fanka, da ruwan sanyaya inji na gaskiya, ko kuma ya mayar da famfon yadda kamfani ya saita shi. Direba ya ɗauki allurar zafi da muhimmancin da yake ba birki, ya tsaya in ta hau, kada ya kwara wa inji mai zafi ruwan sanyi. Bakanike kuma ya mallaki kayan awo, ya ƙi rufe inji sai an gyara abin da ya ƙona gaskit ɗin. Ilimin bai yi nisa ba: Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa, NITT, da aka kafa a 1986, tana kan hanyar Basawa, tafiyar mintuna kaɗan daga Kwangila. Da ƙungiyar bakanikai ta NATA da ta masu manyan motoci ta NARTO za su nemi gajeren horo da Hausa a kan sanyaya inji da ɗaurin kai, su kuma haɗa kuɗi kowane layin gareji ya samu sifanar awo da kayan gwajin lagireto, da abin da za a kashe bai kai kuɗin inji ɗaya da ya yi nokin a hanyar Funtuwa ba.